Inna Ba Bafulatana Ba Ce

Na san abin da ake faɗa a kaina a cikin dangi, kada ɗayanku ya ɗauka bai iso kunnena ba. Ana cewa Binta ta tona asirin uwarta, ta kashe auren 'yar ƙaninta, ta koma gefe tana shan iskar Dubai. Ku 'ya'yana kun sha jin wannan magana a gidajen biki, ku dawo ku yi shiru don kada ku ɓata mini rai. To ni ba na son shirun nan. Zan gaya muku yadda abin ya faru, da inda na yi daidai da inda na yi kuskure, ku kuma ku gaya wa 'ya'yanku haka.

Tun muna yara abin da muka sani shi ne Inna Bafulatana ce daga Garwa ta ƙasar Kamaru, Baba ya auro ta a yawon fataucinsa. Farar fatarta da gashinta da ɗan karkacewar harshenta, duk a kan wannan aka ɗora su. Ba ta taɓa yin Fulatanci a gabanmu ba, in an tambaya sai a ce marainiya ce, a hannun Hausawa ta tashi. Amma babbar shaidar da kowa ke kafawa ita ce kunyarta. Ni ce 'yar fari, kuma a duk unguwarmu a Kano ba a taɓa ganin matar da ta yi wa ɗan fari kunya irin ta Inna ba. Sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce “waccan”, ko “ta wajen Iya”, domin Iya Tasalla, mahaifiyar Baba, ita ta raine ni. In na shiga ɗaki sai ta fita. Ranar da aka kai ni gidan babanku tana madafi tana wanke tukwanen da an riga an wanke. Mata suna ta yabo, suna cewa jinin Fulani ba wasa ba. Ni kuwa na girma ina alfahari da ita a waje, ina jin haushinta a ciki, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

A shekarar korona na riga na daɗe a Dubai. Muna zaune a Muraƙƙabat, hawa na huɗu, ba nisa da tashar jirgin ƙasa ta Rigga, ina sayo wa matan Kano abaya da turare da takalma, babanku yana saka su a kago, a yi jigilarsu zuwa gida. Gwiwar Inna ta ƙi, har salla ta koma yi a zaune, sai ƙanena Kabiru, wanda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba, ya kawo ta a yi mata aiki. Ya yi mako guda ya koma, da nufin ya dawo ya ɗauke ta bayan wata ɗaya. Babanku ma ya bi shi don ya karɓi kwantena. Ba su daɗe da sauka ba aka rufe filayen jirgi, aka ce kowa ya zauna a gida. Ku kuna makarantunku, kowa ya maƙale inda yake. Sai ya zama daga ni sai Inna a ɗaki biyu da falo, mutum biyu da ba su taɓa yin hirar minti biyar ba.

Da za ku ga zamanmu da kun yi dariya. Inna ba ta yi mini magana, bango take yi wa. Sai ta kalli labule ta ce, “Da za a samu ruwan ɗumi da an yi alwala.” Ni kuma in kalli firji in ce, “Ga shi nan an ajiye a bakin ƙofa.” In sanyin ɗaki ya dame ta sai ta ce a gaya wa masu gida na'urarsu za ta kashe mutum. Ni nake yi mata wanka, ni nake gasa mata gwiwa, ta kawar da kai kamar ana yi wa wata. Ina da shekara hamsin da huɗu a lokacin, da jikoki, amma sai in shiga kicin in rufe ƙofa in yi kukana kamar yarinya.

A ƙofar da ke kallon tamu akwai wata mata, Marisol, 'yar ƙasar Kolombiya, tana aiki a wani otal da aka rufe saboda cutar. Gaisuwa kawai muke yi da Turanci da ɗan Larabcin kasuwa. Ba Musulma ba ce, amma zaman Dubai ya koya mata cewa a watan azumi ana aika wa maƙwabci abin buɗa-baki. Wata rana gab da magariba ta ƙwanƙwasa, da takunkumi a fuska, da faranti na soyayyen agade a hannu. Na buɗe ke nan, Inna tana ratsa falo da sandar ƙarfenta mai ƙafa huɗu, tana jan ƙafa. Marisol ta dube ta, ta ce wani abu a yarensu a hankali, irin abin da ake gaya wa tsohuwa don kada ta faɗi. Inna ta tsaya. Ta kalli farantin, ta kalli matar, sai ta buɗe baki ta amsa. Ba kalma ɗaya ba, ba biyu ba. Magana ce doguwa, tana fita sumul, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

Marisol ta kusa sakin farantin. Ta juyo ta ce mini da Turanci,

“Habibti, me ya sa ba ki taɓa gaya mini mamanki tana jin Sifaniyanci ba?”

“Me ta ce?”

“Ta ce ta ga sau biyu na soya agaden, haka mahaifiyarta take yi. Ta ce Allah ya sa ban yi rowar gishiri ba.”

Na rufe ƙofa, na ajiye farantin, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya a gabanta na dube ta ido cikin ido.

“Inna, wane yare ne wannan?”

Ta juya ta kalli labule.

“A gaya wa waccan an kira salla.”

Washegari da hantsi na shiga wajen Marisol. Abin da na fara gani a bangon falonta shi ne wata ƙatuwar takarda, an zana bishiya, kowane reshe da suna da ɗan hoto. Ta ce danginta ne, har kakannin kakanni. Ta ce tun da ta baro gida, duk Lahadi sai ta kira kakarta ta sa ta ba da labari, ta naɗi muryar a waya, ta rubuta, ta aika wa 'yan'uwanta da suka warwatsu a duniya. Ta ce in tambayi Inna kawai. Na ce ni ba na iya tambayar Inna, na yi mata bayanin kunyar ɗan fari iya iyawata. Ta saurara har na gama, ta ce, “Shekara hamsin da huɗu?” Na ce haka ake yi a wurinmu, kuma abin yabo ne. Ba ta yi gardama ba, mace ce mai ladabi. Cewa ta yi, “To ni ba 'yar farinta ba ce. Bari in tambaye ta.”

Na ɗauka Inna za ta ƙi. Da Marisol ta zo da wayarta ta yi mata bayani, Inna ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, da Hausa, tana kallon labulenta, “A kunna. Na gaji da riƙo.” Sharaɗinta ɗaya ne, kada waccan ta zauna a wurin. Haka muka tsara. Kullum bayan la'asar Marisol ta zo ta zauna nesa kaɗan saboda dokar cutar, Inna ta yi magana da Sifaniyanci, ni ina kicin ina yanka albasa da ƙofa a buɗe. In sun gama Marisol ta biyo ni ta fassara mini da Turanci, ni kuma in rubuta da Hausa a littafin da nake rubuta odar abaya. Tsakanina da Inna taku huɗu ne, amma sai maganarta ta bi ta yare uku kafin ta iso ni.

Ga abin da ya fito. Inna ba ta taɓa taka Garwa ba. An haife ta a tsibirin da mutanenmu na da ke kira Fanya, wanda yanzu yake cikin ƙasar Ikwatoriyal Gini, lokacin yana hannun Turawan Sifen. Sunanta na yanka Konsuwelo. Mahaifinta Bature ne ɗan Sifen, akawu a wata gonar koko, mahaifiyarta kuma 'yar tsibirin ce, kuma aure suka yi a coci a gaban fada, ku riƙe wannan da kyau saboda masu baki. Zazzaɓi ya kashe shi tana da shekara tara. A makarantar sistocin coci ta koyi karatu da ɗinki, kuma ɗinkin ne ya kai ta rumfar wani Bakano mai sayar da yadi da goro, wanda ya yi mata rantsuwa yadinsa ba ya zuba, ya zuba a wankin farko, ta koma ta zazzage shi a gaban mutane. Kakanku ke nan. Inna da dariya ta ba da wannan, ina jiyo ta daga kicin. Da ƙafarta ta je wajen limamin Hausawan garin ta musulunta, ba wanda ya ja ta, ya raɗa mata Hauwa'u. A can aka haife ni. Ta sa Marisol ta buɗe ƙasan akwatinta ta ɗauko wani gwangwanin alewa, a ciki akwai takardar auren iyayenta da ta baftismarta, da hoton wani Bature siriri da malafa a gwiwa da wata baƙar mace tsaye a bayansa. Goshin matar nan shi ne goshina, shi ne na 'yar'uwarku Sadiya da kuke tsokana.

Da suka iso Kano ina goye, Iya Tasalla ta dubi surukarta ta san unguwa ba za ta bar 'yar Bature tsohuwar Kirista ta sha ruwa ba. Ita ta ƙirƙiro Garwa. Ban ce ta yi don mugunta ba, ta yi ne don ta rufa wa ɗanta asiri kamar yadda ta iya. Ta hana Inna yarenta, ta hana ta rubuta wasiƙa gida. Har Inna ta rasu ba ta san ranar da mahaifiyarta ta mutu ba. Mun yi cigiya, Marisol ta rubuta wa masu binciken asali a can da a Sifen, har yau ba mu samu kowa ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce mun gano dangi ba.

Bayan salla ƙarama na kira Kabiru, zuciyata fal, ina ganin zan ba shi abin da zai girgiza shi. Ya bar ni na gama tsaf.

“Na sani, Yaya. Baba ya gaya mini a asibiti, kwana biyu kafin ya cika.”

“Ka sani? Shekara goma sha biyar ka sani?”

“Amana ya ba ni. Yaya, ki goge abin nan. Kin san ana maganar auren 'yata Zainab, gidan malamai ne, sun turo bincike. Na zauna da kawun yaron na ce masa kakarta Bafulatanar Garwa ce, har sunan zuriya na ba shi.”

“To bayan an ɗaura fa?”

“Ko kafin, ko bayan. Wannan magana ta mutu da Baba. Me za ta ƙara mana?”

“Mai maganar tana falo tana cin dabino, Kabiru. Ba ta mutu ba.”

“Inna ta tsufa. Ke ce mai hankali. Kalas, magana ta ƙare, ki goge.”

Kun san halina. Ba a ce mini kalas. Abin da ya fi ƙona mini rai ba umarnin ba ne, a'a, a ce ni da aka haifa a tsibirin, ni da aka goyo a jirgin ruwa, ni ce ta ƙarshe da za ta ji, ƙanen da na yi wa tsarki yana zaune a kan labarina shekara goma sha biyar. Duk da haka ban yi gaban kaina ba. Na kira Marisol na ce ta tambayi Inna, a goge ko a ba dangi. Na ce ta gaya mata har da batun Zainab. Inna ta ce muryarta ce, duk wanda ya sha nononta da duk wanda ya fito daga gare su yana da haƙƙi ya ji. Ta ce ta yi shiru don a karɓi 'ya'yanta, an karɓe su, ba ta son ta shiga kabari da sunan garin da ba ta sani ba. Yana cikin naɗi na goma sha bakwai, duk mai shakka ya je ya saurara.

Izini na Inna ne, amma zaɓen rana nawa ne, kuma a nan na yi kuskure. Da yammacin ranar, raina a ɓace, na ɗauki hoton takardun da shafukan littafina da muryoyin, na zuba su a guruf ɗin dangi na waya, inda har surukai da 'ya'yan surukai suke. Ban kira Zainab ba. Ban ba Kabiru ko kwana ɗaya ya je ya gyara maganarsa da bakinsa ba. Cikin kwana uku labari ya kai gidan yaron. Suka aiko cewa sun janye, kuma a yi musu adalci, ba su ce don kakarta 'yar Bature ce ba. Cewa suka yi macen da ta karɓi Musulunci da kanta abin girmamawa ce, amma mutumin da ya kalle su ya ƙirƙiro zuriya ba za su iya haɗa zuriya da shi ba. Wataƙila a ransu akwai wani dalilin, Allah ne masani. Zainab ta aiko mini saƙo guda, layi ɗaya: “Goggo, me na yi miki?” Ba ta yi mini komai ba. Na nemi gafararta daga baya, ta yafe, ta yi aurenta da wani, amma na san tana son yaron nan, kuma ni na jawo. Kabiru ya yi shekara biyu ba ya ɗaga wayata. Ko a zaman makokin Inna, a shekarar da ta biyo baya, gaisuwa kawai ta haɗa mu.

Don haka ku ji da kyau. Na yi nadamar ranar da na aika da yadda na aika. Ban yi nadamar aikawar ba, kuma da za a mayar da ni baya da na sake aikawa, bayan na kira waɗanda ya kamata in kira. Ban tona asirin uwata ba, aikenta na kai. Kuma akwai abin da masu maganar ba su sani ba, domin naɗi na ƙarshe ban saka shi a guruf ba. Nawa ne.

Da aka buɗe hanya aka samar wa Inna kujera a jirgi. Ana gobe za ta tafi, da safe, Marisol ta zo sallama, ta kawo mata bishiyar da ta zana a takarda, da sunan Baturen da matarsa a ƙasa, mu duka a rassa. Inna ta duba ta daɗe, ta sa yatsa a kan sunan mahaifiyarta. Sai ta ce a kunna waya. Na miƙe kamar kullum zan shiga kicin. Ina bakin ƙofa na ji ta fara magana, amma da Hausa.

“Wannan ba ya buƙatar tafinta. Lokacin da aka haifi yarinyar nan, uwata ce ta karɓe ta. A wurinmu ɗan fari shi ake sawa a gaba, da sunansa ake kiran uwa. Kwana tara muka yi a jirgin ruwa, ban sauke ta daga jikina ba, ko ubanta ban ba shi ya riƙe ba. Ranar da muka shiga gida a Kano, Iya ta kwance ta daga bayana a zaure. Ta ce mini, in kina so a yarda ke Bafulatana ce, daga yau ba kya kallonta, ba kya kiran sunanta, kuma sai kin fi kowa. Na ce to. Na ɗauka na shekara ɗaya ne ko biyu. Sai mata suka fara yabo, na rasa ta inda zan daina. Ranar da aka kai ta gidan miji, na wanke tukwane sau uku don kada a ga fuskata.”

Ina tsaye riƙe da ƙofar kicin, na kasa shiga na kasa fitowa. Marisol ba ta jin ko kalma ɗaya, amma tana kuka.

Inna ta ɗauke idonta daga labule ta dube ni.

“Binta. Zo ki zauna nan.”

A naɗin za ku ji ƙarar kujera, ni ce nake jawo ta. Daga nan babu magana har kusan minti huɗu, domin ba mu iya hira ba, ba mu taɓa koya ba. Hannuna kawai ta riƙe. Naɗin yana cikin tsohuwar wayata da ke gwangwanin alewa, tare da takardun da hoton. Kowane ɗayanku ya saurara kafin ya yanke mini hukunci. Sau ɗaya uwata ta kira sunana a duniya, kuma da na bi maganar Kabiru na goge, da ko ɗayan nan ban samu ba.